Ruwan toka a bangon falonmu

Asabar, tsakiyar hunturu, Kano.

Yau da hantsi mai fenti ya gama shafa hannu na biyu a bangon falonmu, kuma tun kafin ya wanke burushinsa na gane cewa launin da ke gabana ba shi ne wanda na zaɓa ba, ko da yake lambar da ke jikin bokitin ita ce wadda na nuna da yatsana a shago. Makon jiya, a ƙarƙashin fararen fitilun shagon, wannan ruwan toka ya yi mini kama da sabuwar shadda mai ɗaukar ido. Yau kuwa sai ya koma kamar filastar siminti da ba a gama aikinta ba, falon ya tsuke, silin ya yi kamar ya sauko, kujerunmu masu ruwan ƙasa suka dushe tamkar sun shekara goma a wurin. Maiɗakina ta leƙo, ta dubi bango, ta dube ni, ta koma ba ta ce uffan ba.

Na so in ɗora wa mai fentin laifi, amma dattijon ya riga ni. Ya ce, "Alhaji, fenti ba shi da laifi, tagarka ce take kallon arewa." Da na tsaya na yi tunani sai na ga gaskiyarsa, domin a watannin hunturu rana tana karkata ne zuwa kudu, saboda haka tagar arewa ba ta samun hasken rana kai tsaye ko sau ɗaya a wuni, sai dai hasken sararin sama mai sanyi, wanda hazo ya ƙara dusashe shi. Ruwan toka kuwa, musamman wanda aka ɗan surka da shuɗi, irin wannan haske yana ƙara masa sanyi da nauyi. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, wannan nawa ko rabi ba ya mayarwa, sauran duk bango yake shanyewa.

Bayan azahar na shiga cikin birni gaida Hajiya, da abin a raina. Ɗakinta na ƙasa ne, tun ginin kakanmu, kuma a awo bai kai rabin falona ba, amma ban taɓa zama a cikinsa na ji ya matse ni ba. Yau ne karo na farko da na zauna a kan tabarma ina neman dalili. Taga ɗaya ce tak, ƙarama, can sama kusa da azara, kuma saboda kaurin bangon hasken ba ya faɗowa ciki da ƙarfi, sai ya fara bugun gefen tagar ya yi laushi, sannan ya bazu a kan farar ƙasar da ake shafe ɗakin da ita kafin kowace salla. Daga ƙofa kuma wani hasken yana shigowa ta tsakanin karan asabari, layi-layi, ɗauke da ɗan ja-ja na daɓen tsakar gida. A bangon da ke fuskantar ƙofar jerenta yake, kwanukan samira da tasoshi da ƴan tangaran, kowanne ya kama ɗigon haske yana ƙyalli, har ido ya riƙa yawo daga wannan zuwa wancan ya manta da inda bango ya tsaya. Launuka masu ƙarfi, ja da kore da ruwan ƙwai, duk suna nan, amma a jikin kwano da zanen gado suke, ba wanda aka bai wa bango guda ya mallake. Irin wannan dabara ta bango mai kauri da ƙaramar taga na sha ganinta a sorayen Gidan Makama, ban dai taɓa danganta ta da gidana ba.

Da na ba ta labarin falon sai ta yi dariya, ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ana zaɓen atamfa da dare?"

Bayan magariba na yi gwaji. Ƙwan da ke falon irin farin nan ne mai lamba 6500K a jikin kwalinsa, wanda kusan kowa ke saye saboda ana ganin ya fi haske. Na cire shi na ɗaura na 2700K da na ciro daga ɗakin kwana, mai haske ruwan zuma. Nan take tokar ta yi taushi, ta ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, kujerun suka farfaɗo, har maiɗakina ta yarda ta zauna mu sha shayi a wurin. Sai dai wannan maganin dare ne kawai, da rana tagar arewa tana nan yadda take, kuma labulen mai kauri da muka rataya shi ma yana cin nasa rabon.

Na kira mai fentin na ce ya zo Litinin da ƙananan gwangwani uku, ruwan madara iri biyu da fari mai ɗan ɗumi, ya shafa kowanne faɗin kamu biyu a bangon da ke fuskantar taga. Zan dube su da safe, da azahar, da kuma bayan an kunna fitila, kwana biyu a jere, kafin in sake fitar da kuɗin bokiti.