Na bar sukari, na kama zuma

Ƙannena, ni tela ne, na haura shekara 20 a kan keke. A da karin kumallona ba ya canzawa: shayi mai kauri da madarar gwangwani, da rabin burodi. Kafin ƙarfe 11 sai hannuna ya kama karkarwa, ga yunwa kamar na kwana ban ci ba, sai in aiki yaro ya sayo lemon kwalba. Ashe burodin da shayin ne ke cilla sugan jinina sama, can ya rikito, ni kuma in ɗora masa lemon da kwalbarsa ta 50cl ke ɗauke da wajen ƙaramin cokali 13 na sukari.

Ranar da aka gwada ni ban karya ba, na'ura ta nuna 186. Likita ya ce na mai lafiya ba ya kai 100, in kuwa ya kai 126 ko ya wuce, ciwon suga ne. Ya rubuta min ƙwayar maganin ciwon suga mai suna glibenclamide.

Na koma gida na hana sukari shiga kofina, na koma zuma, wai ai magani ce. Zuma tana da amfaninta, amma tana tayar da suga kamar ɗan'uwanta. Da dare kuma in tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa, hankalina kwance tunda ba zaƙi. Ban san farar shinkafa da ta shiga ciki sukari take zama ba.

Da na ga lambar ta ƙi sauka, sai na yi wautar da ta fi kowacce. Ana gab da Babbar Sallah, ɗinki ya yi yawa, na haɗiye ƙwayar da safe na ƙi cin komai. Wajen azahar gumi ya keto min, idona ya yi duhu, na kife a kan keke. Na'ura ta nuna 52, alhali ƙasa da 70 ma haɗari ne. Ruwan sukari cokali uku da yarona ya ba ni, ina iya haɗiya, shi ya dawo da ni. Ƙwayar glibenclamide tana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, ko ka ci ko ba ka ci ba, don haka kada ku taɓa shan ta ku tsallake abinci.

Yanzu alale ko ƙosai da ƙwai nake karyawa da su, tuwo malmala ɗaya da miyar kuɓewa mai yawa, da kwaɗon zogale a gefe. Bayan isha'i in taka zuwa bakin titi in dawo. A aljihun rigata kuma kullum akwai ƙwayar sukarin shayi huɗu a ƙulle cikin leda, ko da suga zai sake faɗuwa.