Tsohuwar Da Ta Hau Gadon Sarki Lear

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fata kowa na lafiya, ya ɗawainiya, ya haƙuri da rayuwa. Mu nan sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da Isha'i.

Akwai wani labari da in na bayar a gida ake yi mini kallon mai ƙara gishiri: a watan Mayun 2010 na kaɗa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokokin Birtaniya, alhali koren fasfo gare ni. Dokarsu ce ta yarda. In dai ka fito daga ƙasashe renon Ingila kuma kana da takardar zama, kana da ƙuri'a. Lokacin ina zaune a unguwar Kilburn, arewa maso yammacin Landan. Na taso daga aikin dare idona na yaji, na biya rumfar zaɓe, aka miƙo mini takarda ba tare da an nemi ko katin shaida ba. Babu dangwale, fensir ne ɗaure da zare, ka ja alama ka ninke ka jefa. Washegari aka ce wadda na zaɓa ta tsallake da ratar ƙuri'a 42, cikin ƙuri'u sama da dubu hamsin. Tun daga ranar nake ganin kamar tana da bashina.

Sunanta Glenda Jackson. Abin kunyar, lokacin da na zaɓe ta ban san ko wace ce ba. Na dai san wata dattijuwa ce 'yar jam'iyyar Leba, mai gajeren gashi, wadda ko a takardar kamfe murmushinta kamar na dole ne. Wadda ta wayar mini da kai wata tsohuwar Baturiya ce a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ka ba ta shayi yanzu, minti goma ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Ina gyara mata matashi takardar kamfen ta faɗo daga aljihuna. Ta ɗauka ta ƙura wa hoton ido, ta ce, "Sarauniya ce ai." Na ɗauka ruɗanin ciwon ne. Ashe ni ce ba ni da labari.

A 1971 BBC ta nuna wani wasa mai kashi shida kan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, mai suna Elizabeth R, kuma Glenda ce ta fito a sarauniyar, tun daga ƙuruciya har tsufa. Don goshinta ya yi faɗi irin na hotunan sarauniyar, sai da ta yarda aka aske mata gaban kai. Ku duba fa, mace mai shekara talatin da 'yan kai, tauraruwarta na tsakiyar haskawa, ta miƙa wa wanzami goshi. Daga nan kawai za ka gane wace iri ce. Ba da kyau ta shigo harkar ba, ita ma ba ta taɓa da'awar haka ba.

An haife ta a 1936 a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool da masu kallon ƙwallo suka sani, ta tashi a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Hoylake. Mahaifinta birkila ne, mahaifiyarta kuwa aikin shago da sharar gidajen mutane. Ita ce babba cikin 'yan mata huɗu. Karatun boko bai yi mata nisa ba, ta kama aiki a shagon magani na Boots har shekara biyu, tana wasan kwaikwayo da wata ƙungiyar unguwa don rage dare. A 1954 ta samu tallafin karatu ta shiga RADA, babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta Landan. A can ne aka faɗa mata gaskiya mai ɗaci, cewa da irin fuskarta kada ta sa ran samun aiki sosai sai ta kusa arba'in. Kuma shekarun farko sun so su gaskata maganar. Ta yi yawon ƙananan gidajen wasa na larduna, ta yi zaman rashin aiki mai tsawo, ta yi sabis a gidan abinci, ta yi tsaron shago.

Wanda ya gano abin da ke jikinta shi ne darakta Peter Brook. A 1964 ya sa ta a wani wasan daɓe na kamfanin Royal Shakespeare da ake taƙaita sunansa da Marat/Sade, inda mahaukatan wani asibiti ke kwaikwayon juyin juya halin Faransa. Ita ce mara lafiya mai ciwon barci da aka ba ta matsayin Charlotte Corday, matar da ta kashe Marat, ɗaya daga cikin jagororin juyin, a kwamin wanka. Akwai inda ya kamata ta yi wa mutum bulala, sai ta yi masa da gashin kanta, kuma waɗanda suka gani sun ce ya fi bulalar gaske tayar da tsikar jiki. Shekara ɗaya bayan nan ta fito a Ophelia cikin wasan Hamlet na Shakespeare, budurwar da kowa ya saba gani a raunane, sai ga wata mai sharhi ta rubuta cewa wannan Ophelia ɗin a shirye take ta karɓi matsayin Hamlet kansa. An yi shekara hamsin da ɗoriya kafin a ga ashe ba zolaya ba ce.

Fim ya biyo baya. Women in Love na 1969 ya kawo mata kyautar Oscar ta farko, A Touch of Class na 1973 ya kawo ta biyu. Na farkon dai ban ce ku nemo ku kunna a falo ba, akwai tsiraici a ciki, kuma ni ma ban ga abin da zai ragu ba da an rufa. Na biyun barkwanci ne, kuma yadda ta same shi abin dariya ne: kowa ya san ta da ɗaure fuska, sai ta fito a Cleopatra cikin shirin 'yan barkwancin nan biyu, Morecambe da Wise, daraktan fim ɗin ya gani ya ce ashe wannan matar ta iya ba da dariya. Duk biyun ba ta halarci bikin karɓar kyautar a Amurka ba. Gumakan kyautar ma mahaifiyarta ta kai wa, tsohuwa ta yi ta goge su irin na matan da suka saba da aikin gida har ruwan zinaren ya fara koɗewa.

Sai kuma ta ajiye komai. A 1992, tana da shekara 55, ta tsaya takara a mazaɓar Hampstead da Highgate ta ƙwace kujerar daga hannun masu ra'ayin riƙau. Na san abin da ke zuwa ranku, don mun saba ganin 'yan fim a bayan 'yan siyasa, ana waƙa ana ɗaga hannu a filin taro. Nata ba haka ba ne. Ta rufe ƙofar wasa ruf, shekara 23 tana majalisa ba ta sake taka dandali ba. Firaminista Tony Blair ya ba ta ƙaramar ministar sufuri a 1997, ta sauka a 1999 don neman tikitin magajin garin Landan, ta sha ƙasa a zaɓen fid da gwani. Daga baya ta zame wa Blair ɗin ƙarfen ƙafa kan yaƙin Iraƙi, har ta nemi ya sauka. In za a faɗi gaskiya, a siyasa ba ta kai inda ta kai a wasa ba, ko kusa. Mutane sun zaci za ta riƙa girgiza zauren da murya, sai ta ɓige da zancen jiragen ƙasa da gidajen haya da marasa matsuguni, aikin da ba kyamara a kansa.

Rana ɗaya ce muryar ta fito gaba ɗayanta. A watan Afrilun 2013, da tsohuwar firaminista Margaret Thatcher ta mutu, aka kira zaman majalisa na musamman don yabon mamaciya. Glenda ta miƙe ta ce mulkin Thatcher ya mai da haɗama da son kai abin yabo, ta tuna musu makarantun da littattafansu ke haɗe da salatif, da mutanen da ke kwana a ƙofar shaguna. Ana ihu tana ci gaba. Wani ɗan majalisa ya kai ƙara, kakakin majalisa John Bercow ya ce ba ta karya wata doka ba. Ni da aka yi wa tarbiyyar cewa mamaci sai addu'a, na kalla raina bai kwanta ba, ko jana'iza ba a yi ba lokacin. Har yau ina ganin da ta jira. Amma kuma ban iya nuna kalma ɗaya da ta faɗa wadda ba haka take a zuciyarta ba tun matar na da rai.

A 2015 ta bar majalisa. Kowa ya ɗauka sai jikoki da lambu. Sai ga sanarwa wai za ta fito a King Lear na Shakespeare a gidan wasa na Old Vic, kuma ita ce Lear ɗin. Tana da shekara 80, rabonta da dandali shekara 25.

Wannan karon na je. Na yi musanyar aikin dare da wata abokiyar aikina, na sayi kujerar can ƙololuwa inda ake hango kan mutane kamar ƙwai a faranti. Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin dattijon da ya raba gado da ransa. Tsohon sarki ne ya gaji da mulki, ya tara 'ya'yansa mata uku ya ce kowacce ta faɗi irin son da take masa, ya yanka mata ƙasa daidai daɗin bakinta. Manyan biyu suka zuba zuma. Autar, Cordelia, ta ce ita tana sonsa ne yadda ya kamata 'ya ta so uba, ba ƙari ba ragi. Ya kore ta. Abin da ya riƙe wa kansa kawai dogarai ɗari. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne inda 'ya'yan biyu suka sa shi a tsakiya suna ciniki da shi kamar a kasuwar kara: ɗari ta yi yawa, hamsin, hamsin ma me za a yi da su, ashirin da biyar, goma, biyar, har ɗayar ta ce shin ko guda ɗaya ma mene ne amfaninsa. Na sha jin irin wannan cinikin a wurin aikina, a baranda, da murya ƙasa-ƙasa, ana lissafin gidan tsoho da motarsa yana ciki yana barci.

Ba su manna mata gemu ba, ba su kuma mai da sarkin sarauniya ba. Kayan zamani ta sa, wando da riga. 'Yar siririya ce, kana ganin jijiyoyin wuyanta, hannuwan duk sun yamutse. Amma da ta buɗe baki ta tsine wa babbar 'yarta, har inda nake can sama sai da na gyara zama. A wurin hadari, inda aka kore shi waje cikin dare, baƙar leda ce kawai suka shimfiɗa iska na kaɗa ta, ita kuma a tsakiya ƙafafu kamar sillan kara tana yi wa sama tsawa. Sama da awa uku ana abu ɗaya. Ban kai rabin wasan ba na daina tuna cewa mace ce. Ita da kanta ta sha faɗa cewa in mutum ya tsufa sosai iyakar da ke tsakanin namiji da mace takan fara dushewa, kuma wannan ni shaida ce, ina wanke su kullum. Tsoron iri ɗaya ne, taurin kan ma iri ɗaya.

A jirgin ƙasa na komawa gida na yi ta tunanin 'yan fim ɗinmu mata. Yarinya ta yi tashe shekara biyar ko shida, ta yi aure ta ɓace, ko kuma a ce ta tsufa tun ba ta kai arba'in ba. Wadda ta daure sai a ɗaura mata ɗankwali a zaunar da ita kan kujera, ta zama uwar jaruma, ta ce "Allah ya yi miki albarka" a fitowa biyu a sallame ta. Gwanintar da ta tara shekara ashirin ba a rubuta mata labarin da zai ɗauke ta. Kafin ku ce na zo Turai na raina gida, nan ma ciwon na nan. Glenda ta yi ta ƙorafi har ƙarshen rayuwarta cewa marubuta ba sa ɗora labari a wuyan mace. Ai shi ya sa da ta tashi neman matsayin da ya kai girmanta, sai rigar namiji ta ara, wadda aka ɗinka shekara ɗari huɗu da suka wuce. Bambancin da na gani shi ne an samu waɗanda suka ba ta aron, mutane kuma suka cika gidan wasan.

Bayan Lear ba ta zauna ba. A 2018 ta karɓi kyautar Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka, a New York saboda wasan Three Tall Women. A 2019 ta fito a fim ɗin BBC mai suna Elizabeth Is Missing, a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke neman ƙawarta, aljihunta cike da 'yan takardun da take rubuta wa kanta don kada ta manta. Wannan a ɗakin hutunmu na ma'aikata muka kalle shi, babu wadda ta yi magana. Yadda take fusata in an gyara mata zance, yadda take kallon 'yar cikinta kamar baƙuwa na ɗan lokaci kafin fuskar ta dawo mata, duk haka yake, ba ta ƙara ba ta rage ba. In za ku nemi guda ɗaya cikin ayyukanta, wannan nake so ku nema, musamman masu jinyar iyaye a gida da ake ce musu tsufa ne kawai ko kuma an yi wa tsohuwa asiri.

Ta rasu ranar 15 ga Yunin 2023 a gidanta da ke Blackheath, kudu maso gabashin Landan, tana da shekara 87. Fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, ya fito bayan rasuwarta da 'yan watanni. Ita da Michael Caine ne, kan labarin gaske na wani tsohon soja da ya sulale daga gidan kula da tsofaffi a 2014 ya tsallaka Faransa don bikin cika shekara 70 da saukar sojojin ƙawance a Normandy lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ce matarsa, wadda ta san ya tafi ta yi gum, ta bar ma'aikata suna ta dube-dube. Kowa a silima na dariya, ni kuwa ina ta lissafin takardun da zan cike da a ce a daren aikina ya fice.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

'Yar uwarku,
daga Landan