Tambaya ɗaya ta ishe mu Asabar guda

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, kuma duk Asabar da hantsi nakan zauna da wasu yara 'yan SS1 da SS2 masu shirin Olimfiyad, wato gasar warware tambayoyin lissafi masu wuya. Babbar matsalar sabon shiga ita ce gaggawa. Yaro ya saba da takardar WAEC ta zaɓi-ɗaya, tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, don haka in ya yi minti uku bai ga hanya ba sai ya ɗauka tambayar ta fi ƙarfinsa. A gasar lissafi ta duniya, IMO, wannan awa ɗaya da rabin rabon tambaya guda ce tak. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya 3 cikin awa huɗu da rabi, kowace tambaya maki 7, jimla 42. Babu kalkuleta, babu A, B, C, D da za ka cinka.

Shi ya sa a zamanmu tambaya ɗaya muke ɗauka, in ta yi yawa biyu. Wani uba ya taɓa yi mini ƙorafi cewa ɗansa ya wuni a makaranta ya dawo da shafi guda. Na ce masa ya duba takardun gwajin da yaron ya cika kafin shafin nan ya samu.

Ga wadda nake fara ba kowa. A rubuta 1 zuwa 10 a allo. Ka goge lambobi biyu da ka ga dama, ka rubuta bambancinsu a madadinsu, ka yi ta yi har lamba ɗaya ta rage. Za a iya ƙarewa da sifiri? Nan da nan alli ya fara aiki. Wannan ya samu 1, wancan 3, wani 5. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba zai yiwu ba, duk yadda na juya mara ce ke fitowa." Na ce na ji, amma me ya sa? Ta yi shiru. A nan aikin yake. Jimlar 1 zuwa 10 ita ce 55, wato mara, lambar da ba ta rabuwa gida biyu daidai. Duk sanda ka cire lambobi biyu ka sa bambancinsu, abin da jimlar ta ragu da shi ninki biyu ne na ƙaramar, don haka cika ne, wato lambar da ke rabuwa gida biyu daidai. Ka yi ta ɗebe cika daga mara har gobe, mara za ta rage, shi kuwa sifiri cika ne. Ba lambobin da ke canjawa za ka zuba wa ido ba, abin da ya ƙi canjawa za ka nema. Yarinyar nan ta gano haka da kanta bayan kusan awa guda, kuma na tabbata da na faɗa mata tun farko da kafin Litinin ta manta.

Bayan ganowa sai rubutu, kuma nan ne yaranmu ke zubar da maki. "Na gwada sau da yawa ya yi" ba hujja ba ce. Ina sa su rubuta bayani da cikakkun jimloli, su yi musayar takarda, kowa ya nemi inda ɗan'uwansa ya yi tsallake. Sun fi ni tsanani wajen maki, wallahi.

Ina son nuna musu tambaya ta farko a gasar IMO ta farko, wadda aka yi a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7. Cewa aka yi a nuna babu wata lamba sama da 1 da za ta raba 21n+4 da 14n+3 duka biyu ba tare da saura ba, kowace cikakkiyar lamba n ta zama. Ninka ta biyun sau 3, ka samu 42n+9. Ninka ta farkon sau 2, ka samu 42n+8. Bambancinsu 1. Duk lambar da ta raba su biyun dole ta raba bambancin nan, wato 1, magana ta ƙare. Layi uku, kuma babu abin da ɗan JSS3 bai sani ba a ciki. Tambayoyin yanzu sun fi wannan tsauri nesa ba kusa ba, amma fannonin nan huɗu ne dai: aljabra, jiyometiri, nazarin lambobi da dabarun ƙirga. Ba a buƙatar kalkulas.

A Najeriya, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, Abuja, ita ke shirya gasar mataki-mataki har a fitar da wakilai, kuma kowace ƙasa ɗalibai 6 take iya kaiwa IMO. Akwai kuma gasar Afirka, PAMO, da aka fara a 1987. 'Yan matan ajin nakan ba su labarin Maryam Mirzakhani ta Iran, wadda ta ci zinare a 1994, ta sake ci a 1995 da maki 42 cif, sannan a 2014 ta zama mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Fields, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na lissafi a duniya.

Dokata ɗaya ce game da amsoshin da ke intanet: kada ka buɗe sai ka kwana da tambayar. In ka buɗe, karanta layin farko kawai, ka rufe, ka koma kan takardarka.

Ta Asabar mai zuwa ga ta, ga mai so. Allon wasan ces gida 64 gare shi, fari da baƙi. A cire gida biyu na kusurwoyin da ke fuskantar juna a karkace, saura 62. Kana da guntayen kwali 31, kowanne yana rufe gida biyu maƙwabta. Za su rufe allon duka? Kafin ka fara yanka kwali, duba launin gidajen da aka cire.