Yadda na yi fama da Aiptasia a tankin murjanina

A gindin wani ɗan reshen murjani mai rai da na sayo don tankina na ruwan teku na fara ganinta, 'yar mitsitsiya, ruwan ƙasa-ƙasa, gashinta na lilo a cikin ruwa. Har yaba ta na yi. Bayan mako biyu murjanin da ke kusa da ita ya daina buɗewa, gefensa ya yi fari fat. Ashe Aiptasia ce, wata 'yar halittar teku mai kama da fure, daga dangin anemoni, mai harbi da dafi.

Sai na ɗauko wuƙa na kankare ta. Garin neman gira na rasa ido, domin duk guntun namanta da ya maƙale a dutse tsirowa yake yi ya zama sabuwa. Kafin wata ya cika na ƙirga sama da 20.

Daga nan na koma kan kalkwasa, wato garin kalshiyam haidiroksaid. Nakan dama shi da kauri kamar man goge baki, in zuƙa a sirinji, in kashe famfuna har ruwan ya tsaya cak. Wurin kai hannun ne aikin yake. In bakin sirinjin ya taɓa gashinta, wuf ta shige rami, sai kuma gobe. Lallaɓawa nake yi har saitin bakinta, in matsa kaɗan, ta naɗe gashinta a kan farin abin tana zaton abinci ne, sannan in rufe ta ruf. Ran da zumuɗi ya ɗebe ni na yi wa goma a zama ɗaya, awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya haura daga 8.2 zuwa 8.6, ɗigo ɗaya kuma ya ƙone mini murjani. Yanzu ba na wuce uku a rana.

Waɗanda suka ɓuya a ƙarƙashin duwatsu fa, sirinji ba ya kai musu. Na nemi jatan landen Lysmata mai cin Aiptasia, sai mai sayarwa ya haɗa ni da wani jatan lande na daban mai doro irin na raƙumi, wanda ya bar Aiptasia ya koma gutsirar murjanina masu taushi.

Berghia ce ta raba gardama, wani ɗan dodon koɗi marar ƙwanso da ba ya cin komai sai Aiptasia. Na saka wasu a tankin. Da dare suke kiwo, na yi makonni ban ga ko ɗaya ba, har na fid da rai. Cikin wata na uku duwatsun suka yi tas. Na tsince su da fitila na ba wani mai tanki, don in abincinsu ya ƙare yunwa ce ke kashe su.