Asubar da wata ya rufe Mars

Wanda ke son ɗaukar hoton wata yana rufe wata duniya, da hasken watan zai fara kokawa. Na ga haka da asubar Talata, 14 ga Janairun 2025, lokacin da wata ya gitta ta gaban duniyar Mars, aka gani daga Amurka har zuwa nan Afirka ta Yamma.

Daren ya dace sosai. Wata ya cika, sha huɗu ga Rajab, Mars kuma kwana biyu da yin kusantarta mafi girma da mu, kilomita miliyan 96, ga ta jajir ana ganinta da ido. Amma da wata ya matso sai haskensa ya cinye ta, ido ya daina rabe su sai da madubin hangen nesa.

Na kafa kyamara a saman soro, inda babu gini ko bishiya ta yamma, domin a Kano abin ya zo wata ya riga ya sunkuya. Idan aka bar kyamara ta zaɓi haske da kanta, duhun sama take dubawa, sai watan ya fito fari fat ba zane ko ɗaya. Na mayar da ita saitin hannu, ISO (ma'aunin karɓar haske) 200, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa. Nan take tabon jikin wata ya bayyana, Mars kuma ta fito 'yar mitsitsiya, launin jan garura, a gefensa. Na ɗora kyamarar kan mariƙi mai ƙafa uku, na sa jinkirin daƙiƙa biyu, saboda taɓa maɓalli kaɗai kan girgiza hoton.

Ana tsakiyar kiran salla a masallatan unguwa Mars ta kai bakin watan. Tauraro idan wata ya rufe shi ɗif yake ɗaukewa, don ɗigo ne kawai. Mars tana da faɗi, sai gefen watan ya riƙa cin ta a hankali, kusan rabin minti, ta rage rabi, ta zama ɗan tsinin ja, ta tafi. A wannan rabin mintin na fi ƙaruwa da bidiyo, domin daga baya na tsinci hotunan da iska ba ta karkaɗa ba. Gani da ido ma yana da haƙƙinsa, kada allo ya ɗauke maka hankali gaba ɗaya.

Fitowarta ta ɗaya gefen, bayan kamar awa guda, ban samu ba. Gari ya waye, wata ya gangara cikin ƙurar hunturu. Mai shirin irin wannan a watannin hazo ya duba tsayin wata daga ƙasa a manhajar taswirar sararin sama ta Stellarium tun da wuri, ya kuma zuba ƙarfinsa kan ɓangaren da wata ya fi sama, shiga ko fitowa.