Mako na shida: fatalwa a zaurenmu na Tawa

Ƴan uwana masu koyon ɗaukar hoto da tsohuwar kyamarar fim, wannan makon na karkata ga hotunan nan na da waɗanda ake cewa fatalwa ta fito a cikinsu, domin in ga ko hannuna zai iya irin aikin William Mumler, mutumin Boston ta Amurka da mutane suka riƙa biya ya ɗauke su tare da mamatansu. An gurfanar da shi a kotu a New York a 1869 bisa zargin damfara, aka sallame shi saboda hujja ba ta isa ba, kuma bayan haka ya ɗauki hoton matar marigayi shugaban Amurka Abraham Lincoln, ga surar mijinta dishi-dishi a bayanta, ya dafa kafaɗunta.

Ban fara da ɗauka biyu a kan fim ɗaya ba. Na bi dabarar da masanin kimiyya David Brewster ya bayyana tun 1856, wato a bar idon kyamara a buɗe, mutum ya tsaya na ɗan lokaci sannan ya fice, har hasken bangon da ya tare ya shigo ya hau kan surarsa. Gwajin farko da la'asar na yi shi, kuma ranar Tawa ba ta raga mini ba, domin hoton ya ƙone gaba ɗaya. Sai na jira gab da magariba, na kafa kyamarar a kan turmi da na kifa a zaure, na ƙuntata ƙofar haske, na sa ƙanena ya tsaya cikin farar riga sakan huɗu daga cikin takwas ɗin da idon kyamarar ya yi a buɗe. Wajen wankin fim ɗin kuwa sai da na sanyaya ruwan maganin da ƙanƙara har ya sauko digiri 20, tunda ruwan randa ma da ɗumi yake.

A hoto na uku ana ganin tsagar bango da igiyar da ke rataye ta cikin ƙirjinsa sarai. Kakarmu ta yi a'uziyya, ta ƙura ido, sannan ta ce ba ta taɓa jin fatalwa mai silifas ba. Gaskiyarta, domin ƙafafun sun fito da ƙarfi fiye da kima a kan baƙar tabarmar, don haka gobe zan shimfiɗa mai haske, in rage tsayuwarsa zuwa sakan uku.