Asabar a ƙarƙashin bonet

Yau dai na yi maganin abin da ya hana ni sakat. Motata Honda Accord ce ta 2000, wadda ake ce wa "Baby Boy", kuma ta kwana biyu tana min wani hali: fitilar giya ta D4 da ke dashbod ta riƙa ƙyaftawa, in na taka totur sai ihun inji, tafiya kuwa da ƙyar. Wani bakanike ko bonet bai buɗe ba ya ce a sauke giyabos a ɗora na Beljiyam. Da na ji kuɗin, sai na ce masa zan yi shawara.

Rewaya ne ya cece ni. Ya jona na'urarsa ta nuna P0758, wato matsalar lantarki a solonoyid B. Ɗan ƙaramin bawul ne, da wayar tagulla a nannaɗe a cikinsa. Kwamfutar mota ta turo masa wuta, ya buɗe ko ya rufe hanyar man giya, matsin man kuma shi ke kama kulocin da ake so. In ya mutu, kwamfutar sai ta tsare motar a giya guda, ba canji, don kada a yi ɓarna. Sa'ar da na ci, a wannan ƙirar a jikin giyabos ta waje yake, ba sai an kwance ciki ba.

Bayan karin kumallo na tura ta inuwar dalbejiya, na cire wayar batir, na kwance bututun iska don hannu ya samu shiga. Sifana mai lamba 10 ce ta yi kusan duk aikin. Soket ɗin ne ya ba ni wahala, robarsa ta bushe da zafin shekaru, sai lallaɓawa. Na ɗora mitar gwajin lantarki a kan tsohon solonoyid ɗin: mai lafiya ya kamata ya ba da om 12 zuwa 25, amma ko motsi. Wanda na saya na Beljiyam kuwa tun a shago na gwada shi, na taɓa shi da batir ya ce "ƙas". Duk mai sayen na hannu bai yi haka ba, caca ya yi.

Autana yana tsugune yana riƙe min notuna a murfin kwano. "Baba, wannan ɗan abin ne ya hana mu zuwa Dass?" Na ce masa shi ne kuwa.

Tunda na riga na yi baƙi, na tsiyaye man giya. Maimakon ja, ya fito kalar shayi ba madara, yana ƙauri, maganaɗisun jikin notin kuma ya kwashi laushin ƙarfe kamar kwalli. Na goge shi tas, na zuba DW-1, man giyar kamfanin Honda. Ba na yarda da maganar "duk man giya ɗaya ne".

Bayan La'asar na fita gwaji, daga Wunti na miƙe har Yalwa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, duk ta shiga ba fizga, fitila kuma ta tsaya cak. Da na dawo na kashe inji na duba sandar awo nan take, don ita Honda a kashe ake duba ta.

Lita biyu da rabi kawai na man giya ke fita cikin kusan shida, don haka in albashi ya shigo zan sake tsiyayewa, in Allah Ya so.